Haɗe Kasuwannin Iskar Gas a Yammacin Afirka da Matsayin Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka fara shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda ya ratsa jihar Kaduna, maganar gas ta shigo bakin mutanen Arewa fiye da da. Sai dai akasarin abin da ake ji bai wuce ranar kammalawa da yawan kuɗin kwangila ba, alhali kuwa bututun wani ɓangare ne na babban shirin haɗa kasuwar gas ta Najeriya da ta maƙwabtanta, har zuwa Arewacin Afirka da Turai. Tambayoyin da ke biye sun shafi wannan shiri da kuma rabon Kaduna a cikinsa.

Me ake nufi da haɗe kasuwannin iskar gas na yanki guda?

Ana nufin ƙasashe maƙwabta su kai matsayin da gas zai riƙa fita daga inda yake da yawa zuwa inda ake buƙatarsa, ba tare da iyakar ƙasa ta tare shi ba, bisa ƙa'idojin da kowa ya amince da su tun farko. Abu uku ne ke tsayar da wannan. Na farko shi ne bututai da tashoshin da ke tura gas ɗin da waɗanda ke auna shi. Na biyu shi ne doka iri ɗaya a kan ingancin gas, kuɗin amfani da bututu, haraji, da wanda zai yi hukunci idan saɓani ya taso. Na uku shi ne masu saye da sayarwa da yawa waɗanda ke biyan kuɗi a kan lokaci.

Mutane sukan ɗauka cewa na farkon shi ne komai, domin shi ne ido ke gani. Amma titin da ya kai mutum Saminaka ba shi ne kasuwar masara ba. Kasuwar tana ci ne saboda akwai mudun da kowa ya yarda da shi, akwai dillalan da aka sani, akwai kuma sarkin kasuwa da ake kai wa ƙara. Bututu titi ne kawai.

Wannan gas ɗin shi ne wanda muke girki da shi a gida?

A'a. Gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukunya nau'i ne dabam, wanda ake tacewa daga ɗanyen gas ko daga ɗanyen mai, kuma yana zama ruwa da an ɗan matse shi, shi ya sa ake iya dakonsa a tanka. Duk wanda ya tsaya a shagon ɗura gas a Tudun Wada ko Kawo ya ga yadda abin yake: a ɗora tukunya a kan sikeli, a jona tiyo, mai shago yana kallon kilo yana hawa, mai saye kuma yana cewa a sa masa na iya kuɗin da ke hannunsa domin cika tukunyar ya fi ƙarfinsa. Kusan kowane kilo da ya shiga tukunyar nan ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a bayan mota daga Kudu, kuma kuɗin dizal da na hanya duk suna cikin farashinsa.

Gas ɗin da ke bin bututu ya fi wannan sauƙin nauyi, kuma ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 162 ƙasa da sifiri. Shi ne ake ƙonawa a tashoshin wutar lantarki, ake dafa tukwanen tururi na masana'antu da shi, ake yin takin yuriya da shi, kuma shi ne ake matsewa ya zama CNG na motoci. Saboda haka isowar bututu Kaduna ba za ta cika tukunyar kowa kai tsaye ba. Amfaninsa ga talaka zai biyo ta wutar lantarki ne, da taki, da kuɗin mota, da aikin yi.

Me ya sa Najeriya ba za ta riƙe gas ɗinta ba, tunda ita ma tana cikin buƙata?

Tambaya ce mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina mai yin ta ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas da aka tabbatar, sama da kubik-fit tiriliyan 200, amma har yau wutar da ake rabawa a layin ƙasa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, kuma galibinta daga tashoshin gas take fitowa.

Amsar ita ce matsalar Najeriya ba ƙarancin gas a ƙarƙashin ƙasa ba ce. Ƙarancin jarin haƙo shi ne, da tace shi, da kai shi inda ake so. Kamfani ba ya zuba biliyoyin daloli a rijiyar gas sai ya ga mai saye da zai sa hannu a kwantiragin shekara 15 ko 20, wanda kuma zai biya. Wannan ne ya sa kamfanin NLNG na Bonny, mai sanyaya gas ya zama ruwa domin kai shi ƙasashen waje, wanda ya fitar da jirgin gas ɗinsa na farko a 1999, ya bunƙasa har ya kai ƙarfin tan miliyan 22 a shekara, domin abokan cinikinsa na waje suna biya da dala a kan kari. A inda babu mai saye kuwa, ƙone gas ɗin ake yi a iska. Tun 1979 aka yi dokar hana wannan ƙone-ƙone, aka sa 1984 a matsayin wa'adi, amma har yanzu Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yin sa a duniya. Kasuwa mai faɗi tana iya jawo jarin da zai amfani gida da waje gaba ɗaya, muddin an tsare rabon gida da doka.

An taɓa gwada irin wannan haɗaka a Yammacin Afirka?

An gwada, kuma gwajin na nan yana aiki. A watan Janairun 2003 Najeriya, Benin, Togo da Ghana suka sa hannu a yarjejeniyar Bututun Gas na Yammacin Afirka, mai tsawon kilomita 678, wanda ya tashi daga Itoki kusa da Legas, ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa Takoradi a Ghana, da rassa zuwa Kwatano, Lome da Tema. Kamfanin WAPCo mai hedikwata a Accra ne ke tafiyar da shi, kuma manyan masu hannun jari a cikinsa su ne Chevron, NNPC da Shell, tare da kamfanonin ƙasashen uku. Hukumar da ke sa ido a madadin gwamnatocin huɗu tana Abuja. An fara harkar kasuwanci sosai a 2011.

Abin yabo a wannan aiki shi ne ƙasashe huɗu, biyu masu Turanci biyu masu Faransanci, sun amince da tsarin doka da haraji guda a kan bututu ɗaya. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma tarihinsa cike yake da darasi mai ɗaci. A watan Agustan 2012 anka ta wani jirgin ruwa ta fasa bututun a gaɓar Lome, gas ya tsaya kusan shekara guda, Ghana kuma ta shiga matsalar ɗaukewar wuta mai tsanani da ƙarin kuɗin sayen mai domin tashoshinta. Bayan an gyara, sau da yawa gas ɗin da ke isa bai kai adadin da aka yi alkawari ba, saboda fasa bututai a yankin Neja Delta da kuma buƙatar cikin gida. A ɗaya ɓangaren, bashi ya taru a kan Ghana, har a 2015 masu sayar da gas daga Najeriya suka yi barazanar rufe famfo. Mai sayarwa yana kukan ba a biya, mai saye yana kukan ba a kawo kaya, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa.

Daga baya Ghana ta fara samun gas nata a yammacin ƙasar, kuma a 2019 aka gyara bututun yadda zai iya ɗaukar gas daga Takoradi zuwa Tema, wato akasin hanyar da aka tsara masa tun asali. A ganina wannan ne lokacin da bututun ya fara kama da kasuwa, domin ya daina zama hanyar mai sayarwa guda zuwa masu saye uku, ya zama abin da kowa zai iya zuba kayansa a ciki ya biya kuɗin dako.

Ina Kaduna ta shigo cikin wannan lissafi?

Ta bututun AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40, an ƙiyasta kuɗinsa a kan dala biliyan 2.8, kuma tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin a ƙarshen watan Yunin 2020. Ya tashi daga Ajaokuta a jihar Kogi, ya bi ta Babban Birnin Tarayya da jihar Neja da Kaduna zuwa Kano, kuma an tsara shi ya iya ɗaukar kimanin kubik-fit biliyan 2 a rana. Wa'adin kammala shi ya sha ɗagawa, kuma tsallaka Kogin Neja, wanda ya kasance ɗaya daga cikin wuraren da suka fi wuya, sai a 2025 NNPC ya sanar da cewa an yi shi.

Duk bututun gas da zai tsallaka Sahara daga Najeriya dole ne ya ɗora a kan wannan. Ke nan Kaduna tana kan babbar hanya, kuma zama a kan babbar hanya yana iya zama arziki, yana iya zama kallo kawai. Abin da zai raba tsakanin biyun shi ne ko akwai tashar sauke gas da ƙananan bututan rarrabawa zuwa unguwannin masana'antu na Kakuri da Kudenda, da kuma Zariya, da kuma masu saye da suka shirya karɓa ranar da aka buɗe famfo. Tashar wuta mai megawat 215 da ke Kudenda ta isa misali. An ba da kwangilarta a 2009, ta shafe fiye da shekara goma ba ta ba da wutar da aka tsara mata ba, aka kuma yi ta muhawara a kan man da za ta ƙona saboda babu bututun gas da ya iso gare ta. Can an gina mai ci babu abinci. Abin tsoro yanzu shi ne abinci ya iso babu mai ci.

Haka kuma bututun ba zai cika ba sai gas ya iso Ajaokuta da yawa daga Kudu, abin da ya rataya a kan wasu ayyuka kamar bututun OB3 da ke haɗa gabashi da yammacin Neja Delta.

Mene ne bambancin bututun Sahara da na Maroko, kuma wanne ya fi wa Arewa?

Bututun Sahara ya fi tsufa a takarda. NNPC da kamfanin Sonatrach na Aljeriya sun fara sa hannu a kansa a 2002, gwamnatocin Najeriya, Nijar da Aljeriya suka ƙulla yarjejeniya a Abuja a watan Yulin 2009, aka sabunta ta a Aljas, babban birnin Aljeriya, a 2022. Tsawonsa kilomita 4,128 ne zuwa Hassi R'Mel, inda zai haɗu da bututan Aljeriya da ke kai gas Sifaniya da Italiya, kuma an tsara ya ɗauki kubik-mita biliyan 30 a shekara.

Na Maroko ya samo asali ne daga ziyarar Sarki Mohammed na Shida zuwa Abuja a watan Disambar 2016. Zai bi gaɓar Tekun Atlantika ta ƙasashe 13, tsawonsa ya haura kilomita 5,000, kuma ana ƙiyasta kuɗinsa a kan dala biliyan 25. ECOWAS ta shiga cikinsa a hukumance a 2022. Fa'idarsa ita ce zai haɗa ƙasashe da yawa, ciki har da Senegal da Muritaniya waɗanda su ma suka fara fitar da gas daga rijiyar da suka yi tarayya a kanta, don haka ya fi kama da kasuwar yanki. Na Sahara ya fi gajarta da arha, kuma wani ɓangarensa ya riga ya kasance a Najeriya da Aljeriya.

Ga mutumin Kaduna zaɓin a fili yake. Bututun gaɓar teku ba zai kusanci Arewa ba, na Sahara kuwa zai sa a riƙa kula da AKK da cika shi da gas, domin kuɗin shiga na ƙasashe uku zai dogara a kansa. Zai kuma kai gas Nijar, wadda ta daɗe tana samun kaso mafi yawa na wutarta daga Najeriya, kuma cinikin da ke tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da ta raba su.

Rikicin siyasa ba zai iya rufe bututu rana ɗaya ba?

Zai iya, kuma ya sha yi. A ƙarshen Oktoban 2021 Aljeriya ta daina tura gas ta bututun da ke ratsa Maroko zuwa Sifaniya bayan ƙasashen biyu sun yanke hulɗar jakadanci. Argentina ta fara rage gas ɗin da take sayar wa Chile a 2004 da buƙatar gida ta ƙaru, Chile kuma ta koma gina tashoshin karɓar gas ta jirgin ruwa. Kusa da mu, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba ta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a maido ba sai a 2024. A watan Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A watan Fabrairu na shekarar aka sa hannu a kan sabunta nazarin bututun Sahara a Aljas, amma kafin wata biyu ya cika Nijar ta janye jakadanta daga Aljeriya tare da ƙawayenta biyu, bayan Aljeriya ta harbo jirgin Mali marar matuƙi a kan iyaka.

Duk wani banki da za a nemi rance a wurinsa yana riƙe da wannan tarihi. Ko da wane dalili aka yanke wa Nijar wuta, an koya wa maƙwabta cewa makamashin Najeriya yana iya zama sandar duka, kuma maido da yarda yana ɗaukar lokaci fiye da jona waya. Shi ya sa yarjejeniyar bututu ke buƙatar sharaɗin da zai hana amfani da shi a takunkumi, da kotun sulhu da ke wajen ƙasashen da abin ya shafa. Ga kuma matsalar tsaro, wadda mutanen Kaduna ba sa buƙatar a yi musu bayaninta.

Turai ta yi nasara a wannan fanni. Me ta yi?

Ta ɗauki shekaru tana gyaran doka. Dokokin makamashi na Tarayyar Turai na 2009 sun tilasta a raba mai bututu da mai gas, domin kada kamfanin da ke sayar da gas ya hana abokin gogayyarsa hanya, suka kuma kafa hukumar ACER da ke daidaita hukumomin ƙasashe. Rikicin Rasha da Yukren na watan Janairun 2009, wanda ya bar wasu ƙasashen gabashin Turai babu gas kusan mako biyu a tsakiyar hunturu, ya sa aka gyara bututai su iya tafiya gaba da baya. Cibiyar ciniki ta TTF a Holan ta zama wurin da ake sanin farashi a fili. Da Rasha ta rage gas a 2022, wannan tsari ne ya ba da damar juya gas daga tashoshin bakin teku zuwa ƙasashen da aka yanke wa. Amma farashi ya haura Yuro 300 a kan megawat-awa ɗaya a watan Agustan shekarar, kuma kowace ƙasa a kasuwar ta ɗanɗana. Haɗaka tana raba tsaro, tana kuma raba zafi.

To farashin gas a gida zai sauka ne ko zai tashi?

Zai iya tashi idan ba a yi hattara ba. A yanzu hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ce ke yanke farashin gas na tashoshin wuta, kuma yana ƙasa da abin da ake samu a kasuwar waje. Idan aka buɗe ƙofar fitarwa da faɗi, mai haƙo gas zai fi son wanda ya fi biya. Haka ya faru a gabashin Ostareliya, inda farashin gida ya tashi bayan an fara fitar da gas daga tashar jiragen ruwa ta Gladstone a 2015, alhali yammacin ƙasar, wanda tun 2006 ya keɓe kashi 15 cikin 100 domin gida, bai sha irin wannan wahala ba.

Dokar 2021 ta wajabta wa kamfanoni kawo wani kaso kasuwar gida. Amma wajibi ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya: a farkon 2024 wuta ta ragu ƙwarai a faɗin ƙasa saboda masu sayar da gas suna bin ɓangaren lantarki bashin da ya haura dala biliyan 1. Kasuwar da ba ta biya, doka ba za ta daɗe tana riƙe mata mai kaya ba.

Ga masana'antar Kaduna kuwa lissafin ya bambanta, domin ba da gas mai arha take kwatantawa ba, da dizal take kwatantawa. Ko an ɗora kuɗin dakon kilomita ɗaruruwa, gas na bututu ya fi janareta sauƙi nesa ba kusa ba.

Gas zai farfaɗo da masaƙun Kakuri?

Shi kaɗai ba zai iya ba. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta United Nigerian Textiles (UNTL) ta rufe a 2007, kuma tsadar baƙin mai na tukwanen tururi da rashin wuta suna cikin dalilai, tare da fasa-ƙwaurin atamfa, lalacewar noman auduga da tsufan injuna. Gas zai cire cikas ɗaya babba, domin rini da busar da yadi aikin tururi ne daga farko har ƙarshe. Amma na fi sa rai a kan waɗanda suke raye yanzu: masu casar shinkafa, masu abincin kaji, masu sarrafa citta da madara, da maƙeran Panteka, inda za ka tarar da mai walda ya ajiye ƙofar ƙarfe rabi a haɗe, ya zauna a kan benci yana lissafin ko aikin zai biya kuɗin man janareta ko ya jira wuta. Irin waɗannan ba za su ja bututu zuwa shagonsu ba. Ƙaramar tashar wuta mai amfani da gas, wadda za ta ba rukuninsu wuta da mita, ita ce za ta yi musu amfani.

Kafin bututu ya iso, babu wata hanya?

Akwai. Ana sanyaya gas ya zama ruwa a ƙananan masana'antu, a ɗauko shi a tankoki na musamman zuwa Arewa, kuma a watan Janairun 2025 an aza harsashin irin waɗannan masana'antu guda biyar a Ajaokuta. Ya fi na bututu tsada, amma yana tara masu saye tun kafin bututu ya zo, yana kuma iya kaiwa garuruwan da bututu ba zai taɓa zuwa ba, har da tsallaken iyaka.

Turai na ƙoƙarin rage amfani da gas. Ba za a gina bututu a rasa mai saye ba?

Haɗarin gaskiya ne. Tarayyar Turai ta ɗaura aniyar kawar da hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2050, bututu kuwa yana buƙatar shekaru 20 ko fiye kafin ya maido da jarinsa. Aikin da ya dogara kacokan a kan mai saye na Turai yana iya zama bashi a wuyan jikokinmu. Wanda aka gina shi daki-daki, kowane zango yana da masu sayensa na Afirka, zai tsaya ko Turai ta saya ko ba ta saya ba. Bututun Mozambik zuwa Afirka ta Kudu, mai kilomita 865, yana aiki tun 2004 domin tun farko akwai masana'antar da ke jiran gas ɗin a Secunda.

Waɗanne tambayoyi ya kamata mutanen Kaduna su riƙa yi wa wakilansu?

Su tambaya a ina za a sauke gas a jihar, nawa aka keɓe mata a rana, kuma wane kamfani ne aka ba lasisin rarraba shi zuwa unguwannin masana'antu. Su tambaya ko an sa hannu a kwantiragin sayen gas domin tashar Kudenda da sabuwar tashar wutar da aka ce za a gina a Kaduna a kan layin AKK, tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. Su nemi a bayyana kuɗin dakon gas daga Ajaokuta, domin shi ne zai nuna ko masana'antar Kakuri za ta iya gogayya da ta Legas. Manoman da bututun ya ratsa gonakinsu kuma suna da haƙƙin sanin iyakar filin da aka hana gini ko haƙa a kai, ko an kammala biyan diyya, da ofishin da za su kai rahoto idan suka ga zaizayar ƙasa ta tono bututun bayan damina.